Sammacin da Baffa Ya Yi Ta Jira

Daura, 4 ga Satumba

Zuwa ga Gwaggo Amatullah,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da mai gidan da yara, da fatan aikin lauya yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inno da ke matsa mata duk ranar da hadari ya haɗo.

Na san kina juya takardar nan kina cewa wace ce kuma wannan. Ni ce Ikilima, 'yar marigayi Malam Yahya. Kakarki da kakan babana uwa ɗaya uba ɗaya suke. Inno, wato mahaifiyata, ta ce in tuna miki bikin Talatu a Zango, inda kika goya wata jaririya ta jiƙa miki sabon leshi. To ni ce, kuma ina neman afuwa.

Gwaggo, na samu gurbin karatun lauya a jami'a a Zariya. Ranar da sunana ya fito, Baffa Maiturare, yayan babana da ya riƙe mu tun rasuwarsa, sai da ya shafe duk wanda ya wuce ta ƙofar shagonsa da turare kyauta, yana cewa, "Iya za ta zama lauya!" Iya yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci, bakinsa ba ya iya faɗinsa.

Matsalar ita ce ban san komai ba. A duk danginmu ke kaɗai kika bi hanyar nan. Me ake karantawa kafin a je? Da gaske ne akwai littattafan da ke koya wa mutum yadda zai ci karatun tun bai fara ba? Wata ƙawata ta ce sai na haddace tsarin mulkin ƙasa daga bango zuwa bango, na ce in haka ne gara tun yanzu in koma koyon ɗinki.

Sabiru direba, mai zuwa Kaduna duk mako, shi zai kawo miki wannan. Inno tana gaisuwa.

'Yarki,
Ikilima

Kaduna, 10 ga Satumba

Ikilima,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya ƙara wa Inno sauƙi. Ki ce ta daina tafiyar ƙasa zuwa kasuwa, na san halinta.

Na tuna ki sarai, leshin ma ban manta ba, ruwan goro ne. Amma kada ki ƙara ce mini Gwaggo, kin sa na ji bayana ya ƙage. Anti ta isa.

Ga littafi nan mai koren bango Sabiru zai ba ki. Wani tsohon malamin jami'a ne ya rubuta shi don masu shirin shiga karatun lauya. Da shi na fara, kuma rabona da buɗe shi tun kafin a yaye ki, don haka kada ki tambaye ni abin da ke shafi kaza. Abin da na riƙe a ciki shi ne: lauya ba mai haddar doka ba ne, mai iya tsefe magana ne. A kawo miki rigima a cukurkuɗe, ki ware abin da ya faru gefe, ki gano ainihin abin da ake jayayya a kai, sannan ki nemo dokar da ta hau shi. Ki ce wa ƙawarki ta bar tsorata mutane.

Sharaɗina ɗaya. Ban yarda da saƙon murya ba, ban yarda da guntun rubutun waya ba. Duk abin da kika karanta, ki zauna ki rubuto mini shi a takarda yadda kika yi wannan. Rabin ɗaliban da ke faɗuwa sun san amsa, rubuta ta ne ya gagare su.

Ki fara tanadin fararen riguna da baƙaƙen siket, don da kala-kala kam kun yi sallama. Ki gaishe da Baffa, ki ce ina nan ina bin sa kwalbar turaren da ya yi mini alkawari.

Antinki,
Amatullah

Daura, 24 ga Satumba

Anti Amatullah,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu ma lafiya, an fara girbin gero, gidan duk ya cika da hayaniya.

Kai, Anti, wannan littafi! Turancinsa ya so ya kayar da ni a babin farko, amma da na saba da tsohon sai na ji kamar a tabarma ɗaya muke. Ina da tambayoyi cike da ciki. Me ya sa lauyoyi ke ɗora wannan farin gashi a ka cikin zafin nan namu? A kan ɗankwali ake ɗora shi ko a ƙarƙashi? Da gaske ne a makarantar horar da lauyoyi akwai liyafar da in mutum bai ci ba, ba zai zama lauya ba? In da wuƙa da cokali mai yatsu ake ci, to ki fara yi mini addu'a.

Babi na huɗu ne ya fi tafiya da ni. Ya ce kada ɗalibi ya jira aji, ya nemi kotun da ta fi kusa da gidansu ya je ya zauna ya saurara, don kotu a buɗe take ga kowa. Na ɗauka wasa ne. Na sa hijabi na tafi kotun shari'a, na zauna a bencin mata. Wallahi ba wanda ya ce mini tashi. Tun daga ranar kusan kullum ina can.

Jiya aka yi wata mai daɗi. Wani ya sayi sa a kasuwar Mai'adua, da ya kai gida ya ɗaura masa garma sai ya tarar yana ɗingishi. Mai sayarwa ya rantse lafiya ƙalau ya rabu da shi. Suka yi ta tone-tone, har da maganar wani buhun taki na bara. Ni kuwa na yi yadda littafi ya ce, na tsefe, sai na ga tambayar ɗaya ce tak: ɗingishin nan kafin ciniki ya samo asali ko bayansa? Anti, ban rufe bakin alƙalamina ba sai ga alƙali ya yi wannan tambayar, ya ce a nemo dillalin. Saura kaɗan in yi guɗa a kotu.

Inno kaɗai ta san inda nake zuwa. Ban gaya wa Baffa ba tukuna, ina jin nauyinsa, ban san ta inda zan ɗauko masa maganar kotu ba.

Ga wata tambaya da ta hana ni sakat tun da na shiga babi na shida. Mutum biyu wa da ƙane sun gaji gona daga ubansu, ba a raba ba. Ƙanen ya rasu ya bar mata da 'ya mace guda. Wan ne ke noma gonar duka. Idan 'yar ta je gaban alƙali, me zai zama nata, kuma ta ina za ta fara? Ki ba ni amsa dalla-dalla don Allah.

'Yarki,
Ikilima

Kaduna, 1 ga Oktoba

Ikilima,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke. Maganar farin gashi da cokali mai yatsu za ta jira, don ƙarshen takardarki ya tsaya mini a wuya.

Ke yarinya, ni za ki ɓoye wa suna? Wa da ƙane, mata da 'ya guda, ai ko makaho ya san gonarku ce ta hanyar Sandamu. Ga shi kin ce kullum kina kotu, kuma kin ɓoye wa Baffa. Na karanta na sake karantawa, raina bai kwanta ba.

Amsar dai ga ta, tunda haƙƙinki ne ki sani. A kason mahaifinki, ke kina da rabi, Inno tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, abin da ya rage ya koma wa Baffa. Amma na shekara da shekaru ina ganin 'yan'uwa suna shiga kotu tare, ban taɓa ganin sun fito ta ƙofa ɗaya ba. Mutumin nan shi ya riƙe ki. In akwai abin da ke cin ranki, a zaure ake fara faɗinsa.

Don haka na yi abin da na ga ya dace. Na kira Baffa a waya, na roƙe shi ya zaunar da ke a yi sulhu a gida kafin maganar gona ta kai ga sammaci. Bai ce mini komai ba sai "To." Ina ganin ya fahimta.

Gobe zan wuce Ibadan, ina da shari'a a kotun ɗaukaka ƙara, ban san ranar dawowa ba. Ki yi haƙuri, ki bi a hankali.

Antinki,
Amatullah

Daura, 9 ga Oktoba

Anti,

Assalamu alaikum. Lafiyar jiki kam muna da ita. Sauran ba na iya cewa.

Innalillahi, Anti, me kika yi mini? Babi na shida cewa ya yi ɗalibi ya ɗauki wani al'amari da ya sani ciki da waje, ya cire sunaye, ya gwada warware shi don koyo. Ni kuma wane al'amari na sani in ba na gidanmu ba? Aikin littafi ne kawai! Ni da ko kunu ban taɓa rasawa ba a hannun Baffa, me zan yi da gona?

Ashe tun kafin kiranki magana ta zaga gari. Kin san mutanenmu, ba mai zuwa kotu sai mai ƙara ko wanda aka yi ƙara. Wa zai yarda budurwa tana zuwa kallo? Wata ta gan ni, ta faɗa a gidan suna, aka kai wa Baffa har shago cewa 'yar Yahya tana zarya a kotu. Ya ce ƙarya ne, ya kori mai maganar. Sai ga wayarki, lauya guda, daga Kaduna.

Tun ranar bai ƙara ce mini Iya ba. In na durƙusa gaishe shi sai ya ce, "Lafiya, yarinya," ya kau da kai. Na gwada yi masa bayani sau biyu. Kafin bakina ya buɗe ya saka takalmi ya fita. Inno ba ta iya tsayawa gabansa, yayan mijinta ne, ga shi kuma ana cewa ita ta zuga ni saboda tumuninta.

Abin da ya fi karya mini zuciya shi ne, kullum da safe sai ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya zauna a zaure, shago a rufe har azahar, yana jiran masinjan kotu. Wai ba ya so a kai masa sammaci kasuwa a gaban mutane. Duk babur da ya tsaya a ƙofar gida sai ya gyara zama.

Ya aiko ta bakin Inno cewa Zariya kam in tafi, duk abin da ake buƙata zai yi, amma kada in zo yi masa sallama. Ya kuma ce in har sammacin bai zo ba zuwa Litinin 23 ga wata, shi zai kai kansa. Anti, ƙarshen watan nan za a rufe rajista, kuma wallahi ba zan taka tasha ba sai da albarkarsa, ko da kuwa gurbin zai tafi. Na kira ki da wayar Inno har na gaji, ba ta shiga. Koren littafinki yana ƙarƙashin katifa, ko ganinsa ba na son yi.

Ikilima

Kaduna, 19 ga Oktoba

Ikilima,

Wa alaikumus salam. Jiya na dawo na tarar da takardarki ta kwana biyu tana jirana. Wayata ta lalace a Ibadan. Ina fata ke da Inno kuna lafiya.

Na nemo wani kwafin littafin a ofis na buɗe babi na shida, na ga abin da kika faɗa baƙi da fari. Ni da nake koya miki tsefe magana, na yanke hukunci ban ji ta bakin kowa ba. Ki yafe mini, kunya ta ishe ni. Na kira Baffa ya fi a ƙirga, ba ya ɗauka, kuma ban ga laifinsa ba.

Yanzu saurara. Kada ki hana shi zuwa kotu ranar Litinin. Ki bi shi. A zaure yana iya saka takalmi ya bar ki, a gaban alƙali ba shi da wannan damar, dole ya tsaya har ki kai aya. Ki ciro littafin daga ƙarƙashin katifa ki duba babi na takwas, wanda ya koyar da tsayawa a yi magana. Ki faɗi abin da ya faru, ki faɗi abin da ake jayayya a kai, ki faɗi abin da kike roƙo, sai ki yi shiru. In ƙafarki ta yi rawa ki bar ta ta yi, tawa ma har yau tana yi.

Ina jiran labari, kuma wannan karon na yafe miki ko saƙon murya ne.

Antinki,
Amatullah

Daura, 24 ga Oktoba

Anti Amatullah,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ƙafar Inno ma da sauƙi. Na yafe miki tun tuni. Saƙon murya kuwa ba zan yi ba, wannan labari na takarda ne.

Jiya Baffa ya fito da babbar riga, ƙamshinsa ya cika soro. Ya kama hanya, na bi bayansa da 'yar tazara, littafi a cikin hijabi. Ya san ina biye, bai waiwayo ba ko sau ɗaya.

Da alƙali ya zauna, kafin a kira shari'ar farko sai Baffa ya miƙe ya ce, "Allah ya gafarta malam, na zo amsa ƙarar 'yar ƙanena. Na jira sammaci bai zo ba." Alƙali ya dubi magatakarda, magatakarda ya bincika ya ce babu wata ƙara mai wannan suna. Alƙali ya ce, "Wa ya gaya maka an yi ƙararka?" Baffa ya ce, "Gari ya faɗa, lauya ma ta faɗa." Sai ya nuna ni, ba tare da ya dube ni ba.

Alƙali ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "A'a, mai koren littafi ce? Dama ina so in san abin da kike rubutawa kullum. Taso."

Anti, littafi ya ce a dubi alƙali ido cikin ido. Ni dai gefen teburinsa na iya duba. Na ce, "Allah ya gafarta malam, abin da ya faru shi ne na samu karatun lauya, aka ba ni littafin shiri, littafin ya ce in riƙa zuwa kotu ina saurare. Ya kuma ce in gwada warware wani al'amari da na sani, na ɗauki gonar gidanmu na tambayi Antina, ita kuma ta ɗauka da gaske nake. Abin da ake jayayya a kai, babu. Ban taɓa neman ko zangarniya ɗaya ba."

Alƙali ya ce, "To me kike roƙon kotu?"

Ban shirya wannan ba, fitowa kawai ya yi. Na ce, "Baffa ya koma kirana da sunan da ya saba."

Sai wata tsohuwa a bencinmu ta ce, "Allah sarki." Alƙali ya cire tabarau ya goge, ya ce wannan roƙon ya fi ƙarfin huruminsa, sai dai mu je gida. Ya ƙara da cewa in na dawo hutu benci yana nan. Mutane suka yi dariya. Baffa bai yi ba. Ya yi godiya ya fita, ni kuma na ce a raina shi ke nan, na ƙara kunyata shi a bainar jama'a.

A waje ya tsayar da babura biyu, ya ce wa masu su, "Hanyar Sandamu." Muka isa gona. An gama girbi, fili ya buɗe, sai na ga abin da ban taɓa gani ba: layin aguwa sabon dashe, ya ratsa gonar ta tsakiya tun daga bakin hanya har gindin tsamiya. Ashe duk yammacin kwanakin nan, in ya cire babbar riga, nan yake zuwa shi kaɗai yana dasa iyaka. Wasu har sun fara toho.

Ya tsaya yana kallon layin ya ce, "Tambayar taki, me lauyar ta ce?" Na gaya masa rabi da tumuni da abin da ya rage. Ya gyaɗa kai ya ce haka malamin unguwa ya faɗa masa tun shekarar rasuwar Baba. Ya ce, "Na so in raba tun lokacin. Amma in na ce a raba, sai ku ce na gaji da ku. Ku ma in kun ce a raba, sai in ce kun gaji da ni. Ashe sai da wani tsoho da bai san mu ba ya rubuta littafi."

Na ce ni ba na so, a cire. Ya ce ba za a cire ba, shi zai ci gaba da noma duka kamar da, amma bayan ransa ba ya so 'ya'yansa da nawa su san hanyar kotun nan sai dai in aiki ya kai su. Ni kuwa kuka ya riga ya ci ƙarfina. Na sunkuya na cafki wadda ke kusa da ni zan tumɓuke, reshen ya karye, farin ruwanta ya zubo mini a yatsu, na kai hannu zan share hawaye.

Sai ji na yi ya riƙe mini hannu da ƙarfi, ya daka mini tsawa: "Ke Iya, kada ki kai idonki! Ruwan aguwa ne!"

Ya sa bakin babbar rigarsa ta Juma'a ya goge mini yatsu ɗaya bayan ɗaya, yana ta faɗan wai lauya guda ba ta san aguwa ba. Na bar shi yana ta faɗansa, Anti, don kada ya lura da sunan da ya kira ni. Da ya gama ya saki hannuna, ya juya wajen masu babur, ya ce, "Taho mu je, Iya. Alhamis da sassafe motar Zariya ke tashi, ni zan kai ki."

'Yarki,
Ikilima